Abin da Maiƙo Ya Rufe

Layinmu a Valparaíso a tsaye yake kamar tsani,
sai da na kafa duwatsu biyu a bayan taya
kafin na yarda da birkin hannu.
Motar babana ce. Gobe mai saye zai zo.

Na ɗaga bonet, na tokare,
na kai bayan hannu kusa da inji: da sauran ɗumi.
Nibaldo, babana, ya sha faɗa mini,
ƙarfe mai zafi ba ya son ruwan sanyi,
a ba shi lokacinsa, ko ya tsage.
Sai na kifa bokiti na zauna,
ina ƙirga jiragen ruwa can ƙasa.
Tara ne. Ɗaya na fita.

Da ya huce, sifana mai lamba goma.
Baƙar waya ake fara kwancewa daga kan batir;
na janye ta gefe, na naɗe mata kai da tsumma
kada ta lallaɓa ta koma inda ta saba.
Zobena ma na zare, na jefa aljihu.

Ledar burodi ga altaneta.
Ledar kifi, wadda na wanke tun jiya, ga akwatin fiyus.
Bakin da inji ke shaƙar iska
na ɗaure shi da robar gashina,
gashin ya zubo, na bar shi.

Shekara ashirin da shida
yana hawa da sauka da mutanen tudu,
iskar teku ta ajiye gishirinta a kan kowane noti.
Ganye ya ruɓe a lungun gilashi.
Wani ɓera ya taɓa kafa gida bayan lagireto,
ya tashi bai yi sallama ba.

Safar hannu, tabarau.
Na fesa maganin maiƙo, na jira, ban bari ya bushe ba.
Buroshin da na ɗauko
na haƙorinsa ne,
wanda wata huɗu ke nan babu mai iya jefarwa.
Shi ne ya shiga inda yatsa ba ya kai.

Eleuterio ya leƙo ta katanga:
Ximena, ga injin feshi, minti biyar kin gama.
Na ce masa na gode.
Ruwa mai ƙarfi baƙo ne marar kunya,
har ɗakin wayoyi yake kutsawa.
Tiyo na sassauta, yayyafi kawai,
baƙin ruwa na ɗiga cikin tsohon daro
don kada ya bi kwata ya gangara
inda kawuna ke jefa taru.

Tsumma. Rana. Jira kuma.
Leda uku na sa, leda uku na ƙirga a hannuna.
Na mayar da waya, na ɗaure,
na murza makulli.
Tari biyu, ya kama,
da muryar nan da ke tashe ni ƙarfe biyar tun ina makaranta.

A nan na gan shi.
A gefen murfin inji, inda ƙarfe ya fito fari tas,
ɗigo ɗaya, ruwan zuma,
yana kumbura a hankali.
Yoyon mai.
Ashe datti ne ya daɗe yana rufa masa asiri.

Tsumman na hannuna.
Shafa ɗaya gobe da safe,
mai saye zai leƙa, ya ga ƙyalli, ya ƙirga kuɗi.
Kuɗin hayar ɗaki na jira, na asibiti ma bai ƙare ba.

Na daɗe a tsaye.
Jirgin nan ya riga ya ɓace.

Na kashe inji,
na yago kwali mai tsabta, na tura ƙarƙashi
daidai inda zai faɗo.
Gobe, kafin ya tambaya,
shi zan fara nuna masa.

Buroshin kuwa na ɗauraye,
na soke a aljihun riga, na shiga gida.